Zaman Iyali a Ƙetaren Kogin Kaduna: Matsaloli da Mafita

Gabatarwa

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san cewa yaro yakan zo makaranta ne ɗauke da gidansu. In akwai salama a gida, za a gan ta a fuskarsa da kuma littafinsa. In kuwa akwai yunwa, ko faɗa, ko rashin kulawa, su ma sai sun biyo shi har kan benci. Saboda haka ne muka ga ya dace a mujallarmu ta wannan shekara mu yi magana a kan zaman iyali, musamman a unguwannin da suke kudu da kogin Kaduna, wato Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Narayi, Television, Unguwar Sunday, Sabon Tasha, Romi, Gonin Gora da sauransu, inda yawancin ɗalibanmu suke fitowa.

In ka tambayi dattawa abin da ya sami iyali a yau, za su ce yaran zamani ba sa jin magana. In ka tambayi yara, za su ce iyaye ba su da lokacinsu. Maza suna ganin laifin mata, mata suna ganin na maza. Kowa yana da ɗan gaskiyarsa, amma neman mai laifi bai taɓa gyara gida ba. A ganinmu, iyali kamar tukunya ne a kan duwatsun murhu uku. Dutse na fari shi ne aikin da ake ci da shi. Na biyu maƙwabta. Na uku dangi da garin asali. Cikin shekarun da suka wuce, duwatsun nan uku sun goce ɗaya bayan ɗaya a wannan ɓangare na gari, aka bar miji da mata su kaɗai suna riƙe da tukunya mai zafi. Idan mun gane yadda hakan ya faru, za mu san inda gyara zai soma.

Yadda unguwanninmu suka kafu

Ƙasar da muke zaune a kai ta Gbagyi ce tun asali. Garin Kaduna ya bunƙasa ne bayan da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa kuma ya jawo ma'aikata daga ko'ina. Amma abin da ya cika ƙetaren kogi da jama'a shi ne masana'antu. A 1957 masaƙar KTL ta soma aiki a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfani na Ingila. Daga baya masaƙun Nortex, Arewa da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960. Kamfanin ƙera makamai na gwamnati ya kafu a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya soma aiki a 1975, aka kuma buɗe matatar mai a 1980.

Waɗannan wurare ne suka kawo kakanni da iyayen ɗalibanmu: Bajju, Atyap, Ham, Adara, Tibi, Idoma, Igala, Ibo, Yarbawa, Hausawa da sauran kabilu masu yawa. Saurayi yakan baro ƙauye ya sauka wurin ɗan garinsu, ya sami aiki a masaƙa, ya kama ɗaki, ya koma gida ya yi aure, ya kawo amarya. Albashin ba wani mai yawa ba ne, amma an san ranar da zai zo. Da shi ake biyan haya da kuɗin makaranta, a aika wa tsofaffi a ƙauye, su kuma su aiko da dawa da doya da citta. Ba mu ce zamanin nan ba shi da matsala ba. Akwai masu shanye albashi a gidan burkutu, akwai masu dūkan mata. Amma idan gida ɗaya ya karkata, akwai hannaye da yawa masu tare shi.

Dutse na fari: aiki

Wahalar ta fara ne a shekarun 1980, lokacin da kuɗin mai ya faɗi, gwamnati kuma ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986. Darajar naira ta zube, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai suka ƙara wa masaƙu nauyi. Sa'an nan atamfofi masu araha daga Asiya, musamman Sin, suka cika kasuwa, da yawansu ta hanyar fasa-ƙwauri. A 2002 KTL ta rufe ƙofa. Sauran masaƙu suka bi sahu, har UNTL, wadda ta fi su girma, ta tsayar da aiki a 2007. Dubban ma'aikata suka koma gida. Da yawansu sun shafe shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama, waɗansu har suka rasu ba su karɓa ba.

Rufe masana'anta ba ya tsayawa a kan ma'aikaci kaɗai. Mai tuwo a bakin ƙofa, mai faci, mai gidan haya, tela, mai shago, duk sun ji a jikinsu. A cikin gida kuwa, abin ya taɓa wurin da ba a gani da ido. Magidancin da ya saba fita da asuba ya dawo da kuɗin cefane, ya wayi gari yana zaune a ƙofar gida. Waɗansu suka kama acaba ko gadi, waɗansu suka koma gona. Waɗansu kuwa kunya da baƙin ciki suka tura su ga kwalba. Mata ne suka ɗauki nauyin gidaje da yawa, da suyar ƙosai, da sayar da kayan miya, da gwanjo, da wankau. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Amma inda miji da mata ba su zauna sun fahimci juna a kan wannan sauyi ba, sai raini da zargi su shiga. Miji ya ga kamar an ƙwace masa girma, mace ta ga kamar an bar mata kaya ita kaɗai. Yara kuma suna ji, suna gani.

Wata hanyar da mutane suka bi ita ce neman aiki a nesa. Gidaje da yawa a Barnawa, Narayi da Sabon Tasha suna da uban da yake aiki a Abuja ko Legas ko wani bariki mai nisa, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata ake ganinsa. Kuɗi yana zuwa ta waya, amma tarbiyya ba ta bin waya. Yaron da yake ganin mahaifinsa kwana huɗu a wata yakan ɗauke shi baƙo mai kawo tsaraba, ko alƙali mai zuwa yanke hukunci a kan laifofin da aka tara masa.

A kan wannan kuma sai ga tsadar rayuwa. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. A watan Yuli na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma a ƙarshen shekarar nan buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan albashin tsada. Sakamakon haka uba da uwa duka suna fita tun duku-duku, su dawo bayan duhu a gajiye. Abin da ya fi ƙaranci a gidajenmu yanzu, bayan abinci, shi ne lokaci.

Dutse na biyu: maƙwabta

Waɗanda suka girma a Kaduna kafin shekara ta 2000 suna tuna gidan haya guda da Kirista da Musulmi a ciki, ana aika wa juna abincin Kirsimati da naman Sallah. Matar maƙwabci tana da ikon tsawata wa ɗanka, ta ba shi abinci in ba ka nan, ta raka matarka asibiti da tsakar dare. A lokacin, maganar nan ta cewa ɗa na kowa ne tana aiki sosai.

Rikicin Shari'a na watan Fabrairu da Mayu 2000 ya karya wannan zama. Hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙirga aƙalla mutum 1,295 da suka mutu a rikicin Fabrairu kaɗai, waɗansu ƙungiyoyi kuma suka ce adadin ya kai 2,000 ko fiye. A watan Nuwamba 2002 rikicin da ya tashi a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci rayuka fiye da 200. Aka sake wani bayan zaɓen Afrilu 2011. Kowane rikici ya sa mutane suka kwashe kaya suka koma inda suke ganin nasu sun fi yawa. Kiristoci da yawa suka baro Rigasa, Tudun Wada da Kawo suka ƙetaro kudu, Musulmi da yawa kuma suka bar unguwannin kudu suka koma arewa. Kogin da Allah ya ba mu don sha da noma ya zama kamar iyaka.

Wannan ƙaura ta taɓa iyali ta hanyoyi uku. Na ɗaya, ta bar gwauraye da marayu masu yawa, da mutanen da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ba kuwa wanda ya zauna da su ya ji ciwon zuciyarsu. Irin wannan ciwo yakan fito daga baya a matsayin fushi, ko shiru, ko shaye-shaye. Na biyu, jama'a sun yi wa unguwannin kudu yawa. Haya ta yi tsada, aka yi gine-gine barkatai ba tsari, iyali mai mutum bakwai ko takwas suka cusu a ciki da falo, samari da 'yanmata da baƙi duk a wuri ɗaya. Na uku, mutane sun sami kansu cikin sababbin maƙwabta waɗanda ba su san asalinsu ba. Mai hali ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Yau in ka tsawata wa ɗan wani a hanya, mai yiwuwa uwarsa ta biyo ka har gida da faɗa. Don haka kowa ya kama bakinsa, yaro kuma ya gane cewa da zarar ya bar ƙofar gidansu ba mai ce masa kome.

Akwai kuma hasarar da ba a cika faɗa ba. Muna da ɗalibai da aka haifa aka raina a Sabon Tasha ko Romi waɗanda ba su taɓa yin aboki Musulmi ba, kamar yadda akwai yara a Rigasa da ba su taɓa shiga gidan Kirista ba. Abin da suka sani game da juna shi ne abin da suka ji a bakin manya. Iyalan da suke da 'yan'uwa a addinai biyu, waɗanda suna da yawa a cikinmu, su ne suka fi jin zafin wannan rabuwa.

Dutse na uku: dangi da garin asali

A dā, ƙauye shi ne makarantar hutu. Da an rufe makaranta sai a tura yara wurin kaka, su koyi noma, su ji harshensu, su san dangi. Ana zuwa bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko Tuk Ham a ƙasar Ham wajen lokacin Ista, ko dai Kirsimati a gida. Idan aure ya sami matsala a birni, kawu ko gwaggo sukan hau mota su zo su sasanta.

Rashin tsaro ya rage wannan zirga-zirga. Hare-hare a ƙauyukan Kajuru, Chikun, Zangon Kataf da Kaura, da satar mutane a kan hanyoyi, sun sa iyaye da yawa sun daina tura yara gida. Maimakon abinci ya zo daga ƙauye, sai 'yan'uwan da aka kora daga gonakinsu suka zo birni neman mafaka, aka ƙara baki a kan tukunyar da dama ba ta isa ba. Satar mutane ta shigo har makarantu. A 2021 an sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris, da jami'ar Greenfield a watan Afrilu, sa'an nan a ranar 5 ga Yuli aka kwashe ɗalibai 121 na makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke Damishi a ƙaramar hukumar Chikun. An riƙa sako su kashi-kashi cikin watanni, na ƙarshensu kuwa bai dawo gida ba sai a Nuwamba 2023. Iyalan da irin wannan ya faɗa wa sukan sayar da gona da fili, su ci bashin da za su yi shekaru suna biya.

Nisa da ƙauye ya jawo wata hasarar, wato harshe. Yara da yawa suna jin Hausa da Turanci da Buroka, amma ba sa iya gaida kakarsu da Jju ko Tyap ko Hyam ko Gbagyi. Idan jika da kaka ba sa jin juna, tatsuniya da tarihin gida da gargaɗin tsofaffi duk sun tsaya a hanya.

Abin da ya shigo ta tsagar bango

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga kaɗan daga cikin abin da ya shigo.

Shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda a Nijeriya, ban da giya da taba, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayu na shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Duk da haka wiwi, tiramol, sholisho da giya mai arha ba su yi wa yaro wuyar samu ba. Abin lura shi ne, ƙwaya ba ta da wari kamar burkutu. Yarinya tana iya sha a ɗakin uwarta ba a sani ba. Alamun su ne yawan barci ko rashinsa, jan ido, ɓacewar kuɗi da kaya a gida, sababbin abokai da ba a kawo su gida, da faɗuwar sakamakon jarrabawa farat ɗaya.

Wayar hannu. Ta shigo ƙasar nan a 2001, ta kuma kawo amfani mai yawa: ciniki, karatu, aika kuɗi, jin lafiyar na nesa. Amma a dā baƙo sai ya yi sallama a ƙofa kafin ya ga ɗiyarka. Yanzu yana shigowa ta WhatsApp ko Facebook ko TikTok da ƙarfe ɗayan dare. Ta nan ne hotunan batsa, cacar ƙwallo da damfarar intanet suke samun yaranmu. Ta nan ne kuma ake yaɗa jita-jitar da take tada hankalin gari. Manya ma ba su tsira ba, don aure da yawa sun girgiza a kan abin da aka gani a wayar miji ko ta mata.

Son kuɗin gaggawa. Yaron da ya ga mahaifinsa ya yi shekara ashirin a masaƙa ya fito hannu wofi, ya ga yayansa ya gama jami'a yana zaune, sa'an nan ya ga tsaransa ya sayi mota ba a san sana'arsa ba, dole ya yi tambaya a zuciyarsa. Idan iyaye suka karɓi kuɗi ko waya mai tsada daga hannun ɗan makaranta ba su tambayi inda ya samo ba, sun riga sun ba shi amsa.

Tsadar aure. Sadaki, kayan gaisuwar dangi, bikin sallamar amarya, anko, hayar zaure, abincin ɗaruruwan mutane, duk sun sa saurayi mai ƙaramin ƙarfi yana ganin aure kamar hawan dutse. Sai a yi shekaru ana nema, daga nan a sami ciki, ko a koma zaman dadiro ba sanin iyaye. Waɗanda suka daure suka yi bikin kuma sukan shiga ɗaki da bashi, faɗan farko ya zama na kuɗi.

Cin zalin mata da yara. Dūka, zagi da fyaɗe sun fi faruwa a cikin gida, a hannun wanda aka sani, sau da yawa kuma akan rufe maganar don gudun abin kunya. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yaran da ake ɗaukowa daga ƙauye da alkawarin makaranta, su ƙare a wanke-wanke da talla. Haka kuma gwauruwa takan ga 'yan'uwan mijinta sun zo kwashe kaya tun ba a share makoki ba. Ya kamata kowa ya sani cewa doka ta yi magana a kan waɗannan. A 2018 Jihar Kaduna ta kafa dokar kare haƙƙin yara da kuma dokar hana cin zarafin mutane, a 2020 kuma ta tsananta hukuncin fyaɗe. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa al'adar da take hana ɗiya mace gādon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulkin ƙasa.

Me za mu yi?

Ba mu da ikon buɗe masaƙa ko sauke farashin mai. Wannan aikin hukuma ne, kuma daidai ne mu riƙa tuna wa waɗanda muka zaɓa. Amma akwai abin da yake hannunmu.

Ga iyaye. A ware lokaci ɗaya a rana, ko da rabin sa'a ne, da dukan gida za su zauna tare a ci abinci, a ajiye waya a gefe, ta uba ma har da ita. A tambayi yaro yadda ya wuni, a kuma saurara har ya gama. Miji da mata su san abin da yake shigowa da abin da yake fita, su faɗa wa manyan yara gaskiyar halin da gida yake ciki, gama yaron da ya san dalilin rashi ya fi haƙuri da wanda yake zaton rowa ake yi masa. Uban da yake aiki a nesa ya sa ranar da zai kira kowane yaro shi kaɗai. Ku san abokan 'ya'yanku da iyayen abokan. Ku yi musu harshenku a gida. Ku rubuta wasiyya tun kuna da lafiya, ku ajiye takardun aure da na fili inda matar gida ta sani. Yarinyar da kuka ɗauko daga ƙauye kuwa, ku sa ta makarantar da za ku yarda ku sa taku.

Ga ɗalibai. Ku tuna cewa kuɗin makarantarku daga gumin wani ya fito, wataƙila daga kaskon ƙosai ko daga bayan Keke Napep. Kada ku ji kunyar sana'ar iyayenku. Ku koyi aikin hannu a lokacin hutu, ko ɗinki, ko gyaran waya, ko aikin wuta, ko kiwon kaji, domin takardar shaida ita kaɗai ba ta ciyar da mutum kamar dā. In wani yana taɓa ku ta hanyar da ba ta dace ba, ko yana tsorata ku a waya, ko kun soma shan abin da kuka kasa bari, ku faɗa wa babban da kuka amince da shi. Wanda aka cuta ba shi ne mai laifi ba. Ku kuma da za ku bar mu bana, wata rana ku ne iyaye. Irin gidan da za ku kafa ya soma ne daga halin da kuke koya yanzu.

Ga malamai. Sau da yawa mu ne muke fara ganin alama. Yaron da yake barci a aji kullum, ko yarinyar da ta yi shiru farat ɗaya, tambaya suke bukata kafin bulala. Mu riƙe asirin abin da suka faɗa mana, mu kuma san inda za mu kai maganar da ta fi ƙarfinmu. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa yana karɓar masu fama da shaye-shaye da ciwon damuwa, zuwa can kuwa ba hauka ba ne. Cibiyar Salama da ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri tana taimakon waɗanda aka yi wa fyaɗe. Taron iyaye da malamai kuma kada ya tsaya a kan maganar kuɗi kaɗai.

Ga ikkilisiya da unguwa. A wurare da yawa, Zumuntar Mata, zumuntar maza, ƙungiyar matasa da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su ne suka maye gurbin dangin da aka baro. To, su yi aikin dangi. A ziyarci gida tun kafin a ji ƙarar faɗa. A haɗa sababbin ma'aurata da tsofaffin da za su riƙa ba su shawara. A ƙarfafa biki mai sauƙi, shugabanni su fara nuna misali da auren 'ya'yansu. A tsaya wa gwauruwa ranar rabon gādo, ba ranar jana'iza kaɗai ba. Matar da ake dūka har ranta yana cikin haɗari, kada a sallame ta da kalmar haƙuri kawai. A duba kuma yawan tarurruka, kada ya zama kowane dare uba yana wani taro, uwa tana wani, yara suna gida su kaɗai. Adashe da ƙungiyoyin taimakon juna su ba da jari ga mai son sana'a.

Game da maƙwabtanmu na ƙetare, muna da misalai a garin nan. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda a dā suke gāba da juna, sun haɗa kai tun 1995 suna aikin sulhu. A watan Agusta 2002 shugabannin addini 22, rabi Kirista rabi Musulmi, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Abin da manya suka sa wa hannu, a gida ne ake koya wa yara shi. Mu kula da irin maganar da muke yi a kan waɗansu a gaban 'ya'yanmu. Wanda yake da tsohon maƙwabci ko abokin aiki a Tudun Wada ko Unguwar Sarki, ya ɗauki ɗansa su je gaisuwa. Zumunta a ƙafa take.

Kammalawa

Mun ga cewa matsalolin iyali a wannan ɓangare na Kaduna suna da tarihi. Aiki ya tafi, maƙwabta sun watse, hanyar gida ta yi wuya, sauran matsalolin kuma suka sami ƙofa. Sanin wannan zai sa mu rage zargin juna, amma ba zai ɗauke mana nauyi ba. Har yanzu akwai gidaje masu yawa a Kakuri da Narayi da Gonin Gora inda ake cin tuwo da miyar kuka cikin dariya, yara kuma suna tashi da ladabi da ƙwazo. In ka duba da kyau, za ka tarar gidajen nan ba su fi sauran kuɗi ba. Suna da lokacin juna, suna faɗa wa juna gaskiya, suna kuma da mutanen da za su kira in dare ya yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bari kowannenmu ya dubi gidan da yake kusa da nasa, ya ga inda zai sa hannu. Allah ya ba gidajenmu salama, ya kuma kiyaye ɗalibanmu masu fita da masu saura.